Tambayoyinku: Yadda Inuwa Ke Faɗin Tsayin Abu

Assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce na taɓo zancen auna tsayin abu da inuwarsa cikin layi biyu kacal, sai ga saƙonni sun yi ta shigowa a kai. Na zaɓi huɗu. Na farkon ne zai cinye mana fili, domin akwai katangar mutane a cikinsa, akwai kuma yara.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Akwai wata darbejiya a tsakar gidana, mahaifina ne ya dasa ta, Allah ya jiƙansa. Ta yi girma ƙwarai, saiwoyinta har sun fara tsaga daɓen ɗaki, shi ya sa nake so a sare ta kafin ruwa ya sauka. Daga gindinta zuwa katangar maƙwabcina taku goma sha huɗu ne, kuma bayan katangar nan ne yaransa suke wasa. Masu saran sun ce ba za ta kai ba, amma da ido kawai suka duba. Yaya zan san tsayinta ba sai an hau ba? Daga wani magidanci a Haɗejiya.

Amsa: Amin, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa inuwar da mutane suka sha a ƙarƙashinta ta zame masa sadaka mai gudana. Ka yi daidai da ba ka tsaya ga ido ba. Ido yana rage wa bishiya tsayi, musamman idan mutum yana tsaye kusa da ita yana ɗaga kai.

Kayan aikin duk suna gidanka: taɓarya ko wata sanda miƙaƙƙiya, igiya, zare da ɗan dutse, sai mutum biyu da za su taya ka. Ka jira hantsi, tsakanin ƙarfe tara da rabi da goma da rabi. Ka tsayar da taɓaryar a fili inda rana ke bugunta, a ƙasa mai shimfiɗe. Ka ɗaura dutsen a bakin zaren ka sake shi yana reto a gefenta, yadda magina ke yi idan suna duba miƙewar bango, har ka ga taɓaryar ta jeru da zaren. Mutum ɗaya ya riƙe ta, kai ka tsaya a ƙarshen inuwarta, na ukun ya je ya tsaya a ƙarshen inuwar bishiyar. Da ka ce "yanzu", kai da shi ku ja layi a ƙasa a tare. Daga nan gaggawa ta ƙare, ko shayi kuna iya sha, domin layukan ba za su gusa ba.

Sai ka yanki igiya daidai tsawon inuwar taɓaryar. Ka ɗauke ta ka je gindin bishiyar, ka riƙa shimfiɗa ta kana ƙirgawa har ka isa layin da aka ja. In igiyar ta shiga sau takwas, to bishiyarka taɓarya takwas ce a tsaye, ɗaya bisa ɗaya. Shi ke nan lissafin. Ka ga ko tef ba ka taɓa ba. Yanzu ka kwantar da taɓaryar a ƙasa daga gindin bishiyar ka nufi katanga, ka juya ta sau takwas, ka ga inda za ta tsaya. In tela ko kafinta ya ara maka tef kana son lamba, ga misali: taɓarya santimita 150, inuwarta 120, inuwar bishiya 960. Raba 960 da 120, ka sami 8. Takwas sau 150 ya ba ka 1,200, wato mita 12. Takun babban mutum kuwa bai cika wuce santimita 70 zuwa 75 ba, don haka taku goma sha huɗun nan naka mita goma ne da 'yan kai. Darbejiyar da ta shekara talatin ko arba'in a gida mai danshi ba abin mamaki ba ne ta wuce mita 12. Wannan ne ya sa na ɗora wasiƙarka a gaba.

Me ya sa hakan ke aiki? Rana tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150. Saboda wannan nisa, hasken da ya sauka a kan taɓaryarka da wanda ya sauka a kan ƙololuwar bishiyar da karkata iri ɗaya suke zuwa, kamar ruwan sama da iska ta kwantar gefe guda. Taɓarya da inuwarta da hasken da ya haɗa kanta da ƙarshen inuwar sun yi alwatika ƙarama. Bishiya da tata inuwar sun yi babba. Siffarsu ɗaya, girma ne kawai ya bambanta, kamar hoto da aka faɗaɗa. In babbar ta ninka ƙaramar sau takwas a kwance, dole ta ninka ta sau takwas a tsaye. Kada ka gwada da fitilar titi ko tocila, domin haskensu kusa yake, bazuwa yake yi. Amma farin wata yana yi. Daren sha huɗu, in gari ya yi garau, na sha fita da yarana muna auna turken wuta da inuwar wata, kuma amsar ba ta saɓa wa ta rana.

To, lissafin ba shi ne inda ake faɗuwa ba. A wajen awon ake faɗuwa, kuma ni na faɗi a can.

Shekarata ta biyu da fara koyarwa, a wata makarantar ƙauye, mai gidan da nake zaune ya so ya kayar da giginyar bayan gidansa don ya sami azara. Watan Maris ne, ana ta gyaran ɗakuna kafin damina. Akwai rumbun geronsa a gefen da ƙasa ta fi dacewa a kayar da ita. Ya san ni malamin lissafi ne, sai ya ce in duba masa. Na kafa sanda mai tsayin mita ɗaya wajen ƙarfe takwas da rabi, na auna inuwarta, na rubuta. Sai na ga igiyar hannuna ba za ta isa inuwar giginyar ba (ai dama Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha), na aiki yaro ya aro doguwa daga wajen masu jan ruwa. Kafin ya dawo an yi gaisuwa, an sha fura, tara ta yi. Na auna inuwar giginyar, na raba, na ce masa mita tara ce, rumbu kuwa yana mita goma da rabi, a sare. Ina tsaye a wurin lokacin da ta tafi. Har yau ina jin ƙarar da kanta ya yi a kan jinkar rumbun, da yadda gefe guda ya buɗe dammunan gero suka zubo. Jikarsa ƙarama tana zaune a gindin rumbun nan ba a fi minti goma ba kafin uwarta ta kira ta. Dattijon bai ce mini komai ba sai "Allah ya taƙaita, Malam." Kwana huɗu muka yi muna kwaɓa ƙasa muna gyara, kuma kwanakin nan ban iya haɗa ido da shi ba.

Da dare na zauna na bi lissafin. A ƙasar Kano a watan Maris, inuwar sanda mai mita ɗaya da ƙarfe takwas da rabi takan kai kusan santimita 184. Zuwa ƙarfe tara ta koma kusan 139. Rabin awa kaɗai, ta zubar da kwata na tsawonta. Giginyar mita 12 ce, inuwarta da ƙarfe tara mita 16 da rabi ce da ɗan ɗori, ni kuwa na raba da tsohon awon sanda, sai ta fito mini tara. Rabawar daidai take, lambar da na raba da ita ce ta riga ta tsufa. Shi ya sa na ce maka mutum biyu, layi biyu, lokaci ɗaya. Kada ka yi sassauci a nan.

Akwai sauran wurare uku da za ka kula. Na ɗaya, daga ina za ka fara awon inuwar bishiyar? Daga tsakiyar gindi, in bishiyar a miƙe take. In ta karkata, ko kuma reshen da ya fi tsayi ya yi gefe, kamar yadda darbejiya ta saba, sai ka nemi wurin da ke ƙarƙashin wannan reshen sak, ka fara daga nan. Ka kuma tabbata ƙarshen inuwar da kake gani na ƙololuwa ne, ba na wani reshe mai faɗi da ya miƙo gefe ba. Da rana ta yi sama sosai, rassan gefe su ne ke yin bakin inuwar, ƙololuwa takan ɓuya a ciki. Wannan na cikin dalilan da suka sa ban ce ka auna da tsakar rana ba. Ban kuma ce da sassafe ko dab da magariba ba, domin a lokacin inuwa tana gudu, bakinta kuma ya dishe. Rana ba ɗigo ba ce, tana da faɗi a sama, saboda haka ƙarshen inuwa ba ya yankewa tsaf. Da hantsi, dishewar bakin inuwar bishiya mai mita 12 bai fi ɗani guda ba. Idan rana ta yi ƙasa sosai yakan wuce mita uku, ka rasa inda za ka ja layi.

Na biyu, ƙasa. In inuwar ta bi gangare za ta ƙara tsawo, in ta hau tudu za ta ragu. Ka zaɓi lokacin, safe ko yamma, da take faɗawa a wuri mafi shimfiɗa.

Na uku shi ne wanda na fi zaton zai same ka, tunda a tsakar gida take: inuwar ta tafi ta ci karo da bango ta hau shi. Kada ka damu, akwai mafita. Ka auna daga gindi zuwa bangon, kana bin hanyar da inuwar ta bi, ka yi masa lissafin taɓarya. Abin da ya hau bango kuwa ba a yi masa lissafi, yadda yake haka za ka ƙara shi. Misali, mita 6 a ƙasa, wato igiyar nan ta santimita 120 sau biyar, taɓarya biyar ke nan, mita 7 da rabi. Inuwar ta hau bango mita 2. Tsayin bishiya mita 9 da rabi. In ta tsallake bangon ta faɗa gidan maƙwabci, sai ka yi sallama ka roƙi iznin shiga, ka ƙara kaurin bangon a awonka. Dama ya kamata ya san abin da ake shirin yi.

Bayan ka sami lambar, kada ka ɗauke ta a matsayin iyakar haɗari. Bishiya in ta faɗi tana tsalle, rassa suna karyewa su yi tsartuwa. Masu aikin gandun daji ba sa barin kowa a cikin nisan da bai kai ninki biyu na tsayin bishiyar ba. A gidan da ke cikin gari da wuya a sami wannan fili, saboda haka shawarata ita ce a hau a sassare ta daga sama, reshe-reshe, ana saukewa da igiya, a ranar da aka fitar da yaran gidajen biyu. In akwai wayar lantarki kusa, kada kowa ya hau sai ma'aikatan wuta sun ɗauke ta. Kuma bari in faɗi abin da ke raina, ko da ba ka tambaya ba: in za a iya datse saiwar da ke cin ɗakin a rage rassa a bar uwar, ka bar ta. A watan Afrilu a Haɗejiya, babu abin da za ka saya a kasuwa da zai yi wa iyalinka abin da wannan bishiyar ke yi.

Tambaya: Gafarta Malam. Mun karanta cewa lokacin La'asar yana shiga ne idan inuwar kowane abu ta yi daidai da tsayinsa. Ashe ke nan in ina son tsayin bishiya ko bene, sai in jira kiran La'asar in auna inuwarsa, ba sai na yi wani lissafi ba? Daga wani ɗalibin ilimi a Bichi.

Amsa: Allah ya ƙara basira. Tunaninka ya bi hanya mai kyau, amma ka tsallake rabin jimlar. Koma ka duba babin lokutan salla a Risala ta Ibn Abi Zaid. Abin da aka ce shi ne inuwar abu ta kai misalinsa bayan inuwar da ta rage a lokacin zawali. Wannan "bayan" ɗin shi ne duk maganar.

Da rana ta kai tsakiya, inuwa ba ta cika ɓacewa gaba ɗaya ba. Takan rage kaɗan, kuma abin da ya rage yana canjawa da watanni. Ƙasar Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu kawai a shekara rana ke bi ta kan ƙoƙon kanmu sak: wajen 21 ko 22 ga Afrilu, da kuma wajen 21 ko 22 ga Agusta. A waɗannan ranaku in ka kafa sanda da tsakar rana, inuwarta takan shige ƙarƙashinta, kuma a ranakun ne kaɗai maganarka ta zama daidai: farkon La'asar, inuwa ta yi tsayin abu cif. Tsakanin Afrilu da Agusta inuwar zawali kudu take kwantawa, 'yar kaɗan ce, ko a ƙarshen Yuni ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na tsayin abu ba. Sauran watanni arewa take yi, tana ƙaruwa har ƙarshen Disamba, inda take kai kashi bakwai cikin goma.

Iyayenmu da ƙafa suke wannan awo. Ana ɗaukar tsayin mutum ƙafa bakwai ne da tafin ƙafarsa, wasu malamai sun ce shida da rabi. Kakana yakan fita bakin zaure ya ba rana baya, ya sa ido a inda inuwar kansa ta tsaya, ya taka zuwa wurin, dunduniya na taɓa yatsa, yana ƙirgawa a hankali. A tsakiyar hunturu inuwar zawali ƙafa biyar ce, don haka ba ya cewa La'asar ta yi sai ya ƙirga goma sha biyu. A ƙarshen bazara bakwai ta ishe shi. Bai taɓa riƙe agogo ba, amma ya san cewa ma'aunin yana tafiya da shekara.

Ka ga abin da zai faru da kai a Disamba: bishiya mai mita 10, inuwarta a farkon La'asar mita 17 ce. In ka ɗauki wannan a matsayin tsayinta ka ƙara mata mita bakwai da ba nata ba. Ga shi kuma ladan ba lallai ya kira a farkon lokaci cif ba, kowane minti da ya wuce inuwar ƙaruwa take.

Amma abin da kake nema yana nan, ba a kiran salla yake ba ne kawai. Kafa sanda a miƙe. Ɗauki zare daidai tsayin abin da ya fito sama da ƙasa, ka zana da'ira kewaye da ita. Lokacin da bakin inuwarta ya taɓa da'irar, inuwar kowane abu a garin ta yi daidai da tsayinsa. Ka sa wani ya ja layi a ƙarshen inuwar benen a wannan lokacin. A wajenmu hakan na faruwa sau biyu kowace rana duk shekara. A ƙarshen Disamba wajen goma da rabi na safe ne da kuma biyu da minti ashirin na rana, alhali La'asar sai wajen huɗu saura minti ashirin. A Yuni kuwa wajen tara da rabi saura kaɗan, da uku da rabi. Game da hukuncin lokutan salla kansu, wannan fagen malamanka ne, ni awon kawai na yi maka bayani.

Tambaya: Malam, ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare ta 'yan mata. Na ji labarin wani Bagirke da ya auna dalar Masar da inuwa, ina so in ba ɗalibaina. Gaskiya ne? Kuma me zan sa su auna, tunda ba mu da dala? Daga wata malama a Katsina.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Sunansa Talis, mutumin Miletus, garin da kangonsa ke gaɓar yammacin Turkiyya ta yau. Ya rayu kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Waɗanda suka rubuta labarin sun zo ne ɗaruruwan shekaru bayansa, kuma sun kawo shi ta fuska biyu: wasu suka ce ya jira lokacin da inuwarsa ta yi daidai da tsayinsa, wasu suka ce sanda ya kafa ya gwada inuwa da inuwa. Ki ba su shi a matsayin labarin da aka ruwaito. Hanyoyin biyu kuwa duk ingantattu ne, su ne ma na bayyana a sama.

Abin da ya fi amfani ga yaranki a labarin shi ne matsalar da dala ke kawowa. Babbar dalar Giza tsayinta na asali kimanin mita 146 ne, kowane gefe na gindinta kuma kimanin mita 230. Ƙololuwarta tana bisa tsakiya, kuma ba mai iya shiga cikin dutse ya ja igiya daga can. Inuwar da ake gani a waje guntuwa ce, sauran tana ƙarƙashin ginin. Dole a ƙara rabin gindi, mita 115, kuma a yi awon lokacin da inuwar ta fita sak daga tsakiyar gefe guda. Ki zana musu dalar gyaɗa irin ta Kano a allo, ko ki sa su tara yashi su yi ƙarama, ki bar su su gano wannan da kansu. Yarinyar da ta fara cewa "Malama, ai inuwar daga ciki ta fara" ta fahimci darasin fiye da wadda ta haddace ƙa'ida.

Kin ce ba ku da dala, amma kuna da hasumiyar Gobarau, wadda ake ba tsayin kimanin mita 15, ita ma gindinta ya fi samanta faɗi. 'Yan'uwanmu na Agadas suna da ta babban masallacinsu mai mita 27. Sai dai kafin ki fita da su, ki fara da sandar tuta ta makaranta. Tana da kyau don igiyar tutar za ta ba ki amsar gaskiya: ki ɗaura ƙyalle, ki ja shi sama, ki yi alama, ki sauke ki auna. Raba su rukuni biyar, kowane rukuni da sanda mai tsayi daban, ɗaya ma ta yi amfani da tsayin ɗaya daga cikinsu. Za su sami amsoshi biyar da suka ɗan saɓa. Kada ki ce wa kowa ta faɗi. Ki tambaye su me ya kawo saɓanin, a nan za su fito da sandar da ta karkata, da wadda aka manta an binne santimita goma nata a ƙasa, da rukunin da ya tsaya gardama har inuwa ta gusa. Za kuma su lura cewa masu doguwar sanda sun fi kusa da gaskiya, domin kuskuren santimita biyu a inuwar rula babba ne, a inuwar gora kuwa ba komai ba ne.

In sun ji daɗin wannan, ki gaya musu cewa bayan Talis da shekara ɗari uku da wani abu, Eratostenis, mai kula da babban ɗakin karatu na Iskandariya, ya yi amfani da inuwa ya auna kewayen duniya. Ya san cewa a Aswan akwai ranar da rana ke tsayawa sak bisa kai, alhali a Iskandariya a ranar inuwa tana karkata da kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau hamsin.

Tambaya: Baba, in hazo ya rufe rana fa, ko a damina da hadari? Ina sanya wa mutane tankin ruwa da faifan sola, wani lokaci ina bukatar tsayin gini nan take. Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Nemi faranti mai duhun ciki ka zuba ruwa, ka ajiye a ƙasa nesa kaɗan da ginin. Madubi ma yana yi, amma na fi son ruwa don shi yake daidaita kansa, madubi kuwa ɗan tsakuwa a ƙarƙashinsa ya isa ya ɓata awon. Ka ja da baya a tsaye sak, kana kallon ruwan, har ka ga bakin rufin ya bayyana a tsakiyar farantin. Tsaya nan. Auna abu uku: daga ƙasa zuwa idonka, daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar faranti, daga tsakiyar faranti zuwa gindin bango. In idonka yana santimita 160, kana mita 2 daga faranti, ginin kuma yana mita 10 daga gare shi, to nisan ginin ya ninka naka sau biyar, tsayinsa ido biyar ke nan, mita 8. Ka tuna tsayin idonka za ka auna, ba na kanka ba, kuma da takalmin da za ka tsaya da shi.

Tunda ka ambaci sola, ga ƙari. A Maraɗi a ƙarshen Disamba, da tsakar rana, tanki ko bangon da ke kudu da faifan yana jefa inuwa arewa da ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na tsayinsa, da safe da yamma kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Wurin da ka gani tas da rana a watan Mayu yana iya kasancewa cikin inuwa a hunturu. In tankin ya fi faifan tsayi da mita 2, kada ka kafa faifan a arewacinsa ƙasa da mita 3, in da hali ma ka mai da shi kudu da tankin.